Makulli Ɗaya, Gona Biyu

Mama Liyatu ta shigo ofishin da laka har ƙwauri. Ba ta goge ƙafa ba, ba ta kuma jira an ce ta zauna ba. Ta kwance bakin zaninta, ta ciro wani kati da aka nannaɗe a leda, ta dangwarar da shi a kan teburin Khadijah.

"An kafa siminti a gona na," in ji ta. "Wai na sayar wa Faruk. Ni ban sayar ba. Ga kati na, tun da aka ba ni yana cikin gwangwani, ko ɓera bai gani ba."

Khadijah ta miƙe ta jawo mata kujera. "Sannu, Mama. Zauna mu duba." Matar ta ƙi zama.

Ofishin ɗaki biyu ne a saman wani kantin magani a Dubeli, na wata 'yar ƙungiya da duk dukiyarta mutum biyu ne da fanka ɗaya. Ishmael, mutumin Numan, shi ne shugaba, shi ne kuma mai zuwa sayo man janareto. Khadijah ce mai kula da manhaja. Kullum daga Adarawo take hawo keke napep ta shigo Jimeta, kuma tun da ta kama aikin ba a taɓa kawo mata ƙara irin wannan ba.

Asalin maganar ya girmi ofishin. Shekarar da 'yan bindiga suka ƙwace Michika da Mubi, mutane suka kwararo Yola da abin da ke jikinsu kawai. Wani tsoho mai fili a Mbamba, Bappayo, ya yayyanka musu gonaki, da baki, ba takarda. Liyatu tana cikinsu, ta zo da jikoki ba ta zo da miji ba. Da tsufa ya kama Bappayo, sanin halin ɗansa Faruk ya sa ya ce a rubuta kyautar a inda ba za ta gogu ba. Su kuwa mutanen sun riga sun ga yadda takarda ke cin wuta. Shi ne Ishmael ya kawo maganar bulokcen, wani rumbun bayanai da kwafinsa ke warwatse a kwamfutocin duniya, abin da aka rubuta a ciki ya zauna ke nan.

Kowane mai gona aka ƙirƙira masa makulli, wato wata doguwar lamba ta sirri, aka buga ta a kati cikin zane mai ɗigo-ɗigo. Daga makullin ake lissafo adireshi, wanda shi kowa na iya gani. Bappayo ya sa hannu ya ce gona kaza ta adireshi kaza ce. Ba a rubuta sunan kowa ba, don waɗanda suka gudo daga yanka ba sa son sunansu a inda duniya za ta karanta. Mai kati shi ne mai gona, kuma da katin kaɗai ake sa hannun sayarwa. Bara Bappayo ya rasu. Bana Faruk ya fara bi yana saye, don gari ya kusa cimma wurin.

Khadijah ta haska katin da waya. Manhajar ta karanto makullin, ta lissafo adireshin, ta duba 'yan haruffan ƙarshe masu gadi, waɗanda ke tona asiri in an kuskure ko harafi ɗaya. Launin kore ya fito, adireshi ingantacce ne. Ta buɗe rumbun. Tun farkon damina gonar ta bar wannan adireshin ta koma na Faruk, da sa hannun da ya dace da makullin da ke kan tebur. Ta sake gwadawa da wata manhajar daban, ko tata ce ta ruɗe. Kore ya sake fitowa.

Mutanen kwamfuta suna da wata ɗabi'a mai ban haushi. In na'ura ta ce kore, mutum ya ce ja, sai su fara yi wa mutumin kallon tausayi. Khadijah ma ba ta tsira ba, ta sassauta murya kamar mai gaida mara lafiya.

"Mama, ko kin taɓa ba wani ya riƙe miki? Ko wani ya ɗauki hotonsa a waya?"

Liyatu ta dube ta daga sama har ƙasa. "Ke ma, yarinya na? Faruk ya ce na karɓi kuɗi na dawo ina kuka. A coci ana kallo na. Yanzu ke ma." Ta ɗauke katinta ta mayar bakin zani. "Alhamis ne shari'a a gaban Jauro, mai garin Mbamba. Masara na ya fara fitar da gemu. Ki nemo min gaskiya na."

Ta fita ta bar sawun laka har bakin ƙofa, Khadijah kuwa ta kasa komawa kujera. Ta zagaya teburin, ta leƙa taga, ta dawo ta sake buɗe rumbun a tsaye. Sai a lokacin ta lura da abin da ya kamata ta gani tun farko. Adireshin Liyatu gona biyu Bappayo ya sa masa, ɗaya bayan ɗaya, tun lokacin rajista. Duka biyun aka sayar wa Faruk rana ɗaya. Liyatu kuwa duk Mbamba an san gonarta ɗaya ce.

Da 'yar tambaya aka gano mai gonar ta biyu. Sunansa Nata'ala, ya koma Madagali bayan ruwan farko don ya gyara gidansa da aka ƙona. Sai da Khadijah ta kira har ta gaji kafin kiran ya shiga, muryarsa tana zuwa tana yankewa.

"Eh, na sayar," in ji shi. "Dillali ya haska kati na, ya ce gona biyu ne a ciki. Na ce Allah ya ji ƙan Bappayo, ashe ya ƙara min ban sani ba. Kuɗin yana kan rufi yanzu. Akwai matsala ne?"

Tana fara cewa "Mama Liyatu" layin ya mutu. Daga nan wayarsa ba ta sake shiga ba, kuma ba sabis ne ya hana ba.

Ta kai wa Ishmael maganar yana cikin zuba wa janareto mai. Ta ce mutum biyu, kati biyu, makulli ɗaya.

"Ba zai yiwu ba," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Adadin makullan nan ya fi yashin Binuwai. Ko duniya ta tashi ba za a yi karo ba. Ɗayansu ya kwafi na ɗaya, shi ke nan. Faruk ma haka yake cewa, wai ita ta ba Nata'ala katinta ya sayar suka raba."

"Tun ranar rajista adireshin nan ke da gona biyu, Oga. Wa ya kwafi wa, a ina?"

Ya goge hannu da tsumma, ya ce yana da mitin.

Kwanakin da suka biyo baya Khadijah ba ta da sukuni. Ta haɗa shayi ta manta da shi har ya yi sanyi. A keke ta wuce inda za ta sauka. Innarta ta tambaye ta ko wani ne ya ɓata mata rai, ta ce aiki ne, tsohuwar ta taɓe baki don ba ta yarda aiki na iya ramar da mutum haka ba. Ta karanta manhajar layi-layi, ta sa ta ƙirƙiri makullai har kwamfutar ta yi zafi, ba biyun da suka yi kama. Komai daidai yake, kuma wannan daidai ɗin ne ya fi damunta, don ta yarda da matar.

Ranar Talata da hantsi ta tuna cewa manhajar da ke gabanta ba ita aka yi rajista da ita ba. Wani Danny ne ya rubuta ta farkon, kafin ya samu aiki a Abuja ya daina amsa saƙo. Ta durƙusa ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur. A ciki akwai 'yan wayoyin da masu rajista suka yi yawo da su a Mbamba, masu arha, irin waɗanda ake ɓalle musu baya da farce. Ba layi a cikinsu, don Ishmael ya ji tsoron kada a riƙa kiran 'yan uwa da wayar ofis. A gefe kuma ga leda cike da batura, wasu sun kumbura.

Ta sauka da batir ɗaya wurin mai caji na ƙasan bene, ya maƙala shi a 'yar cajar nan mai haƙora. Haka masu rajistan suke yi a lokacinsu. Mbamba ba wuta, baturan ba sa riƙe caji, sai su cika leda da safe, in ɗaya ya mutu a tsakiyar gona su ɓalle su sa wani su ci gaba. Kowa a Jimeta ya san wannan dabarar, ba wanda ya taɓa ganin laifinta.

Ta hau sama da gudu ta sa batirin. Wayar ta kunna. Agogonta ya nuna ɗaya ga Janairu na wata tsohuwar shekara, ƙarfe sha biyu cif, don ba layin da zai gaya mata lokaci. Manhajar ta buɗe kanta, ta fitar da sabon makulli da adireshinsa, tana jiran mai gona na gaba. Khadijah ta haska. Kore, adireshi ingantacce, ba kowa a ciki. Ta ɓalle batirin ta mayar. Agogo ya koma inda ya fara, wani adireshin ya fito. Ta sake, ta sake, farcenta har ya fara zafi. Can sai ga adireshin Mama Liyatu a kan wayar, harafi da harafi, makullinsa yana ƙasa.

Ta ajiye wayar a hankali, ta miƙe ta rufe ƙofa.

Da ta zaro tsohuwar manhajar daga cikin wayar, ba ta sha wahalar gano wurin ba. Makulli na gaskiya daga lambar da ba mai iya canka ake yin sa, wayar ce ke jefa ƙuri'a ta fitar. A waɗannan wayoyin wannan ɓangaren yana sa manhajar ta ɗauke. Danny, mai saurin hannu, ya kauce masa, ya ce a ɗauki lokacin da agogo ya nuna a kaɗa shi ya zama makulli. Har da 'yar sanarwa ya bari a gefe, wai na wucin gadi ne. Da agogon na tafiya daidai ma abin ba shi da kyau. To ina ga agogon da ke komawa wuri ɗaya duk sanda aka canja batir. Liyatu da Nata'ala kowannensu shi ne na farko bayan sabon batir, suka faɗa daƙiƙa ɗaya.

Ta rubuta 'yan layuka, ta ce wa kwamfutarta ta bi daƙiƙun wannan rana ta ɗaya ga Janairu, ta yi makulli da kowace, ta duba rumbun. Kafin ta kai hannu ga kofin ruwa, makullan gonakin Mbamba sun fara zubowa a allo. Kusan duka suka fito.

Ishmael da ya gani sai da ya nemi kujera. Ya daɗe yana kallon allon, gumi na bin wuyansa duk da fankar.

"Wa ya sani bayan ke?"

"Ba kowa. Alhamis zan tafi da wayar nan gaban Jauro. In ɓalle batir a gabansu, su ga katinta ya fito daga hannuna. Shi ke nan an san ba ita ta sa hannu ba."

"A zaure?" Ya miƙe. "Khadijah, zauren Jauro ba shi da ƙofa. Kafin la'asar duk mai gyaran waya a Jimeta ya ji. Wayoyin nan cike suke a kasuwa, manhajar ma tana wayoyin da ba su dawo ofis ba. Wannan ma ƙarami ne. Faruk zai ce to, tunda kowa na iya ƙirƙirar kati, katunan nan duka banza ne, fili ya koma gidan ubansa. Kuma Jauro zai ba shi gaskiya. Ke da kanki za ki miƙa masa Mbamba."

"To in ƙirƙiri sababbin makullai masu kyau, in kwashe gonakin duka in mayar can yau. Ai duk ga su a hannuna."

"Ki sa hannun mutane ba da saninsu ba? Shi ne ainihin abin da Faruk yake nema. Kuma ki ba wa sabon katin? Ba mu da sunan kowa."

"Ta Mama Liyatu fa? In dawo da tata."

Ta san amsar tun kafin ta rufe baki. Gonar tana adireshin Faruk yanzu, shi kuwa a sabuwar wayarsa mai tsada aka yi masa makulli, ba ta inda za a canke shi.

Ishmael ya ce hanya ɗaya ce. A yi shela cewa za a sabunta kati saboda tsofaffin sun koɗe. Kowa ya zo da nasa, a tsaya a kan iyakar gonarsa da maƙwabta da wakilin Jauro, ya sa hannu da kansa ya mayar da gonar sabon adireshi. In an gama, katunan sun tsaya a kan shaidar mutane, ko Faruk ya ji labarin batir ba abin da zai iya. Amma mutanen a warwatse suke, wasu sun tafi ƙwadago Fufore, wasu sun je duba gida a Michika. Sai an ci makonni, kuma sai an yi shiru.

"Makonni," in ji Khadijah. "Faruk kuwa ya riga ya jibge yashi da bulo a bakin hanya."

Ta aika a roƙi Jauro ya ɗaga zaman. Aka dawo mata da amsar cewa an riga an ɗaga sau ɗaya, ba a yi wa ɗan marigayi haka sau biyu. Ta yi tunanin ta same shi shi kaɗai, amma Jauro ba ya jin maganar shari'a a ɓoye, ko ka raɗa masa sai ya maimaita da ƙarfi don mutanensa su zama shaida. Ranar Laraba ta goge abin da ke allon, ta sa wayar a jaka, ta ciro, ta sake sakawa. Ta ji haushin Danny, ta ji haushin Ishmael da rowar layinsa, ta ji haushin kanta da koren da ta yarda da shi.

Da sassafen Alhamis ta hau keke zuwa Mbamba. Ta sami Liyatu a cikin masara tana cire ciyawa, kamar ba yau ne ba. A kusurwar gonar ga sandar siminti da jan fenti a kai.

"Mama, na gano. Ba ki sayar ba. Ina da hujja a jakar nan."

Liyatu ta miƙe tsaye a hankali, ta dafa ƙugu. Ba ta yi murmushi ba, amma idonta ya kawo ruwa. "Na gaya miki."

"Kin gaya mini. Ki yafe ni. Amma ki saurara, akwai saura."

Ta gaya mata komai, batir da agogo da Nata'ala da shirin sabunta kati da abin da Faruk zai yi in ya ji. Ba ta yi dogon turanci ba, ta ce katunan duka ƙofofi ne da ba a kulle ba, kuma ba wanda ya sani tukuna. Liyatu ta saurara tana murza ganyen masara a yatsunta.

"Na Keturah ma?" Ta nuna gonar da ke dab da tata. Keturah ce suka kwana tare a kan dutse lokacin gudu, su biyu suka riƙa karɓa-karɓar goyon jikan Liyatu har Yola.

"Ban san sunaye ba, Mama. Amma lambar gonar nan ta fito. Da ta bayanta, da ta can bakin kwari."

"Duka."

"Kusan duka."

"In kin yi shiru fa?"

"In na yi shiru, katinki ne ya sa hannu, gona ta Faruk ce. Kuma ban san ko zan iya shirun ba. Na ji an ce Faruk zai sa a ba ni Alƙur'ani, don ya tabbata zan ce ba wata hanya. In aka sa mini Alƙur'ani a hannu aka tambaye ni, Mama, ba zan iya ƙarya ba. Zan faɗa."

Liyatu ta dubi masararta, ta dubi ta Keturah, ta sunkuya ta ci gaba da cire ciyawa. Khadijah ta tsaya tana jiran a zage ta ko a ba ta umarni, ba ta sami ko ɗaya ba. Da tsayuwar ta ishe ta ta juya ta kama hanyar gidan Jauro, jakar tana dukan cinyarta.

Zauren ya cika kafin hantsi. Takalma jibge a ƙofa, maza a ciki, mata a tabarma ta gefen inuwa inda suke jin komai. 'Yan gudun hijirar sun zo da yawa, Keturah a gaba, ta ci ɗamara kamar mai zuwa faɗa. Tun farkon rigimar ita ke bi gida-gida tana rantsuwa cewa Liyatu ba ta taɓa ƙarya ba. Faruk yana zaune kusa da Jauro cikin farar shadda, yana latsa waya. Ba mugun kallo gare shi ba, shi a ransa matar nan ta cuce shi ne.

Aka haska katin Liyatu a gaban kowa. Kore ya fito, adireshin ya dace da wanda ya sa hannu. Zauren ya ɗauki guna-guni. Faruk ya gyara zama.

"Ranka ya daɗe, ni ba na son a ce na zalunci baƙin mahaifina. Ga mai aikin nan, 'yar gida ce, 'yar Adarawo, mun san iyayenta. Ta yi alwala ta riƙe Littafi, ta gaya mana abu ɗaya. Akwai wata hanya a duniya da za a yi wannan sa hannun ba da katin matar nan ba?"

Jauro ya gyaɗa kai. Aka kawo buta aka ajiye a gaban Khadijah. Ishmael yana can jikin bango ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Khadijah ta zare agogon hannunta. Ta ɗauki butar ta miƙe. Tsoro take ji, irin wanda ba ta taɓa ji ba, don ta san abin da bakinta zai faɗa.

"A bar yarinyan nan."

Liyatu ce. Ta taso daga tabarma ta zo bakin zauren ta durƙusa, lakar gona tana ƙafarta har yanzu.

"Ranka ya daɗe, kar a wahalar da shi. Na sayar."

Jauro ya karkato kunne. "Me kika ce, Liyatu? Ki faɗa mutane su ji."

"Na ce na sayar. Na ba Nata'ala kati na ya sayar, muka raba. Da na ga masara ya yi kyau sai zuciya na ya canja. Ƙarya na yi."

"Mama!" in ji Khadijah. Ruwan butar ya zube mata a ƙafa.

Liyatu ba ta dube ta ba. "Abu ɗaya nake roƙo, a bar ni in cire masara na in ya nuna."

Faruk ya buɗe hannuwa ya dubi jama'a, wai kun dai gani. Ya ce masu gini sun riga sun karɓi aiki, amma saboda darajar mahaifinsa za su fara ta bakin hanya, abin da ya nuna kafin su iso ta ɗiba. Jauro ya yi wa Liyatu faɗa mai tsawo a kan girman shekarunta da ɓata wa mutane lokaci. Ta amsa kowace kalma da "na ji, ranka ya daɗe." Aka shafa fatiha, magana ta mutu a gaban shaidu, ba kuma za a sake ta da ita ba.

A waje matan suka dare mata hanya, ba ta girmamawa ba. Wata ta yi tsaki. Wata ta ce yanzu kowa zai ce 'yan gudun hijira haka suke. Khadijah ta kutso da takalmi ɗaya a hannu tana neman ta cim mata, amma Keturah ta riga ta. Ta sha gaban Liyatu, hawaye na zuba.

"Na rantse a kanki! A coci na tashi na rantse a kanki, Liyatu! Daga yau kar ki ƙara taka ƙofa na."

Liyatu ta tsaya ta ji ta har ƙarshe. Sannan ta kamo hannun Khadijah ta jawo ta gaban Keturah.

"Na ji. Ba zan taka ba. Amma yarinyan nan zai bi ki gida yanzu, wai za a sabunta kati. Ki ba shi naki yau, kar ki ce sai gobe."

Ta saki hannun, ta gyara ɗaurin zaninta, ta bi ta bayan masallaci ita kaɗai.